Metir ya rasu: wa zai ci gaba da koya wa yaran Yamai iyo?

Ɗan Gamkalle: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yan uwa, ga waɗanda labari bai kai musu ba, Allah ya yi wa malaminmu na iyo, Metir, rasuwa daren Talata bayan doguwar jinyar da kuka sani. An yi masa sutura jiya da hantsi a maƙabartar Yantala. Ana zaman makoki a gidansa, gobe Juma'a da safe za a yi addu'ar uku. Wanda ya san akwai bashi tsakaninsa da marigayi, ko shi ke bi ko shi ake bi, ya samu babban ɗansa. Jama'ar da ta taru jiya ta ba ni mamaki. Ga 'yan pompiye, wato masu kashe gobara da ceto, cikin kakinsu, ga masu tsaron pisin, wato ginannen wurin iyo, na otel-otel, ga masunta daga Gudel, ga samari birjik waɗanda ban taɓa ganinsu ba, kowa ka tambaya sai ya ce "shi ya koya mini ruwa". Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Malam na Zango: Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyali haƙurin rashi. Idan tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani.

Maman Biyu: Amin Malam. Ni tun jiya na kasa cin abin kirki. Duk uwar da ta yi renon ɗa namiji a garin nan ta san fargabar watan Afrilu da Mayu. Zafi ya haura 40, wuta ta ɗauke, an tashi daga lakwal, yaro ya ce miki zai je gidan abokinsa yin darasi, ashe suna can ƙarƙashin gadar Kennedy sun tuɓe riguna. Na yi duka, na yi faɗa, na ɓoye takalma, Hassan da Usaini ba su daina ba. Wata maƙwabciyata ce ta ce in kai su wurin Metir. Na je na gaya masa gaskiya ba ni da kuɗin shiga pisin na yara biyu. Ya ce, "Hajiya, kawo su ran Asabar bayan sallar asuba, kafin masu biya su zo." Bai taɓa karɓar ko dala tawa ba.

Abin da nake son ku sani shi ne yadda ya fara da su. Wata guda cur bai koya musu buga hannu ba. Zai kwantar da yaro rigingine a kan ruwa, ya sa tafin hannunsa a ƙarƙashin ƙeyarsa, ya ce, "Saki jikinka. Kunne cikin ruwa, ciki sama. Dubi shirwar can, gaya mini ina ta nufa." Yaro na ta ba da labarin shirwa, shi kuwa yana zare hannu a hankali, yatsa bayan yatsa, har ya koma gefe ya harɗe hannuwa. Sai yaron ya juyo ido ya ga Metir can nesa, ashe tun ɗazu ruwa ne kaɗai ke riƙe da shi. Usaini ranar da ya gane haka kuka ya fashe da shi, ni ma da ke zaune bisa benci na yi.

Kaftin: Allahu akbar. Ina Abijan labarin ya same ni, ban samu jana'iza ba, abin na ci mini rai. Tanti Maman Biyu, duk ta nan muka bi. Ni dai ga shawarata, kuma ina so mu yi maganarta tun jiki bai yi sanyi ba: mu da muka yi gasa a hannunsa mu haɗa kuɗi mu sa kofi da sunansa, a riƙa yi duk shekara. Mita 50, mita 100, maza da mata, ƙanana da manya. Mutumin nan ya ƙare rayuwarsa a bakin pisin da usur a wuya da agogon awon lokaci a hannu, bai kamata sunansa ya bi iska ba.

Ku dubi inda muke. Lambobin da Nijar ta taɓa samu a gasar Olamfik biyu ne: tagullar Issaka Dabore a dambe a Munik 1972, da azurfar Alfaga a taikwando a Riyo 2016. A iyo kuwa, gurbin gayyata ne ake ba mu mu je, mu yi zagayen farko mu dawo. Metir na yawan ba mu labarin Sidni 2000, ranar da ɗan ƙasarmu Karim Bare da wani ɗan Tajikistan suka faɗa ruwa kafin a ba da izini a tseren mita 100, aka fitar da su, aka bar Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini ya yi iyonsa shi kaɗai duniya na tafa masa. Ba don ya ci fuskar kowa yake faɗa ba. Cewa yake yi yaron da bai saba da gasa a gida ba, dole jikinsa ya yi rawa ranar da ya hau dandamali a gaban dubban mutane. Shi ya sa nake cewa gasa muke buƙata.

Ɗan Gamkalle: Kaftin, niyyarka mai kyau ce, kuma na san daga zuciya ta fito. Amma bari in tambaye ka. Cikin ɗaruruwan yaran da suka bi ta hannun Metir, nawa ne suka taɓa hawa dandamalin gasa? Ba mu fi a ƙirga mu da yatsu ba. Sauran fa? 'Ya'yan masu wanki ne, da almajirai, da yaran da ke tura baro a Katako. Su ya fi damuwa da su. Kofi wuni ɗaya ne, a yi hoto, a sa a Facebook, a watse. Ran Asabar ta gaba yaran Tanti su zo su tarar da ƙofa a rufe.

Kaftin: Yaya, kar ka mai da ni kamar mai neman suna. Ni ma ɗan mai gadi ne, da wandon lakwal na fara shiga ruwa. Amma yaro na son abin da zai hanga. Ba ka ga yadda yara suka cika wuraren taikwando bayan Alfaga ya dawo da azurfa ba? Haka Hamadou Djibo Issaka da ya je tseren kwale-kwale a Landan 2012, shi ya zo na ƙarshe, amma duk filin ya miƙe yana yi masa kirari, har yau ana tuna shi. In babu gasa, babu mai kula mu, babu mai ba mu ko kuɗin maganin ruwa.

Ɗan Sorko: Salamu alaikum. Allah ya jiƙan Metir. Ni ban yi pisin ba, a cikin kwale-kwale na tashi, ku yi mini haƙuri in sa baki. Abin da ya sa muke girmama mutumin nan a bakin gulbi shi ne bai taɓa raina mu ba. Da ƙafarsa yake zuwa wurin mahaifina, ya zauna kan tabarma ana gyaran taru, yana tambaya: ina rami yake bana, ina yashi ya taru, ina dorina ke kwana. Domin ya san ruwan pisin daban, na Isa, wato gulbin nan namu na Neja, daban.

Pisin kana ganin ƙasansa, zurfinsa na rubuce a bango, jiya da yau duk ɗaya. Gulbi kuwa sau biyu yake cika a shekara. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda kogin Sirba da 'yan uwanta ke kwararowa daga wajen Burkina, mai laka, mai fushi, yana ɗauke da itace da kara. Akwai na sanyi, wanda ke tasowa tun daga Gini ya ratsa Mali, sai wajen Disamba da Janairu yake iso mu. Daga nan ya yi ta ja baya har Mayu da Yuni. Mahaifina ya ga 1985, shekarar da gulbin ya tsaya da gudu a nan Yamai. To lokacin janyewar nan ne ya fi cin yara, don ido na ganinsa kamar ba komai. Yaro na tafe ruwa iya gwiwa, taku ɗaya ya zurma ramin da masu ɗibar yashi suka bari. Kuma tsofaffinmu kan ce gwani ruwa ke ci, don matsoraci ba ya nisa da gaɓa. Kaftin, ba da kai nake ba, amma na sha tsamo yaran da suka iya kurol, iyon nan na gasa, sarai. Ƙarfin ruwa ya ja su, suka ce sai sun koma daidai inda suka ajiye riga, suka yi ta kokawa da shi har hannu ya mutu. Metir kan ce musu: in ruwa ya ja ka, bi shi a karkace, ka fita can ƙasa, ka dawo wa rigarka da ƙafa.

Maman Biyu: Wallahi haka yake faɗa, kalma da kalma.

Ba'adare: Allah shi jiƙan Metir, shi yi mai rahama. Ni nan Tawa nike, labari yanzu na gane shi. Sanda nike karatu jami'ar Abdou Moumouni munka san juna, kullum muna ƙetare gada muna kallon ruwa, ni ko kwalbati ban iya hita ba. Shi ya cire min tsoro ina da gemuna. Ina son ku tuna wani abu: ku mutanen Yamai kuna da gulbi kuna da pisin, mu nan ba mu da gulbi amma ruwa na cin ɗiyanmu duk damina. Ramun da anka haƙa don bulo da na tsakuwar hanya su cika, yara su tai wanka ko ban ruwan bisashe, ƙasan duk laka mai santsi, shi ke nan. Ga tabkin Tabalak, ga gebe in an yi ruwa bisa tudu ya taho ba sallama. In za ku yi wani abu da sunan bawan Allah wanga, ku yi wanda zai iya kawowa har nan. Kofi ba ya kawowa Tawa. Mutum biyu da anka koya ma yadda ake koyarwa suna kawowa.

Auta: Allah ya jiƙansa. Ni zan faɗi abin da ke raina ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Metir na da zafi. Yayana yana cikin waɗanda suka fi kowa gudu a ruwa a lokacinsu, ku da kuka yi zamani da shi kun sani. Don kawai ya tura abokinsa cikin pisin da wasa, Metir ya kore shi wata uku, ana saura kwanaki a yi gasa. Mahaifinmu ya je har gida ya ba da haƙuri, ya ce a'a. Yayana bai sake komawa ba, zuciya ta ɗebe shi. Ba ina zagin mamaci ba ne, na yafe, shi ma ya yafe. Amma in za ku ci gaba da aikinsa, wannan tsananin ku rage shi. Ya sa an yi asarar yara masu baiwa.

Kaftin: Ƙanena, ina wurin ranar. Yaron da aka tura sabon zuwa ne, kuma ta wajen zurfi ya faɗa. Ko ihu bai yi ba. Muna ta dariya muna jiran ya taso, shi kuwa yana tsaye cikin ruwa, baki na fitowa yana komawa. Metir da tufafinsa da agogonsa ya faɗa ya ɗauko shi. Bayan ya kori yayanka, na gan shi bayan ɗakin injin ya dafa bango, hannunsa na karkarwa. Ni ma na so a ce ya sassauta, don yayanka ya fi ni iyo nesa ba kusa ba. Amma dokokinsa uku ne kowa ya haddace: ba a tura wani, ba a ihun ƙarya cewa ana nutsewa, ba a shiga ruwa in babu babba a tsaye. A kan waɗannan ko ɗan minista ne sai ya fita.

Auta: Ban san yaron bai iya ba. A gida ba haka aka ba mu labarin ba. Duk da haka wata uku ya yi yawa, ra'ayina ke nan.

Tanti Likita: Allah ya jiƙan Metir. Auta, ra'ayinka ne kuma an ji. Ina so in tsaya kan abin da Kaftin ya faɗa, don a wurin aiki ina ganin ƙarshen irin wannan. Mai nutsewa ba ya ihu, numfashin da zai yi ihun da shi ne yake nema. Mutane na tsaye kusa da shi su zaci wasa yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma yankinmu na Afirka ne abin ya fi yi wa ɓarna in aka kwatanta da yawan jama'a. Tun 2021 ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don wannan matsala.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ake yi bayan an tsamo yaro. A riƙe ƙafafunsa a zazzage shi kai ƙasa, ko a hau danna masa ciki wai a fitar da ruwa. Ana ɓata mintocin da ransa ke rataye a kai, kuma abin da ke cikinsa na iya komawa huhu. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki, a danna tsakiyar ƙirji, wani kuma ya kira pompiye a lamba 18. In yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya, a rufe shi. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a duba. Metir ya taɓa gayyata ta in nuna wa manyan ɗalibansa wannan, ya kwanta da kansa kan siminti ya ce a gwada wurin ɗora hannu a jikinsa. Kuma iyaye, yaron da ke wanka a gulbi ko tabki in kun ga jini a fitsarinsa, tsargiya ce, tana da magani, ba alamar girma ba ce.

Ɗan Gamkalle: Na gode Tanti. Wannan ya tuna mini ambaliyar 2020, da ruwa ya fasa madatsa ya shiga Lamorde da Kirkisoy da Saga. Metir ya riga ya manyanta, amma shi ya tara mu. Bai ce kowa ya faɗa ruwa ba. Ya sa muka nemo igiyoyi, da bido na lita 20 da murfinsu a ɗaure, da shambur na mota. Ya ce, "Miƙa sanda, jefa igiya, jefa bido. Jikinka shi ne na ƙarshe, kuma in ya zama dole ta baya za ka je masa, don wanda ke nutsewa ko uwarsa ce ta zo danne ta zai yi." Da waɗannan bidon muka fito da mata da tsofaffi daga lungunan da kwale-kwale bai iya shiga.

Alhaji na Wadata: Allah ya jiƙan rai. Ina tare da ku kan koyar da yara maza, zan ma taimaka. Amma maganar mata da Kaftin ya sako, a bar ta. Ɗiya mace da kayan wanka a gaban maza, ba tarbiyyarmu ba ce. Na faɗa wa marigayi wannan da bakina tun yana raye.

Maman Biyu: Alhaji, da girmanka. Wa ke wanki da wanke-wanke a bakin gulbi? Wa ke cika kwale-kwale ranar kasuwar Bubon, da goyo a baya da zane mai nauyi? In jirgi ya kife, maza su yi ta kansu, mu da jarirai mu ne a ƙasa. Ruwa ba ya tambayar namiji ne ko mace.

Malam na Zango: Alhaji, damuwarka kan sutura da cakuɗuwa tana kan hanya, ba wanda zai ce ka yi laifi. Amma gyara ake yi, ba hanawa ba. An ruwaito daga Sayyidina Umar yana umartar a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Tsare rai kuma yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo ta kare. Gaskiya ne hadisi ya lissafa wanda ruwa ya ci cikin shahidai, amma wannan bushara ce ga wanda ƙaddara ta faɗa wa, ba izini ba ne mu yi sakaci da 'ya'yanmu. A ware wa mata lokacinsu, mace ta koya musu, su sa tufa mai rufe jiki. Ga Kaftin kuma: ilmi mai amfani yana cikin abubuwa uku da ladarsu ke bin mutum bayan ya mutu. In kuna son Metir ya ci gaba da samu, ku dubi wanne ne cikin shawarwarin nan biyu ya fi kusa da wannan.

Alhaji na Wadata: In mace ce za ta koyar kuma a rufe ƙofa, ba ni da ja. A ina za ku samo ta?

Ɗiyar Metir: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Yayana ne ya nuna mini abin da kuke ta rubutawa, na karanta wa Inna, ta ce a gode muku, Allah ya bar zumunci. Baba Alhaji, ga ni. Tun ina shekara shida Baba ya sa ni a ruwa, kuma da ciwo ya kwantar da shi ni ke riƙe masa 'yan matan ran Lahadi, da dogon wando da riga da hula. Muna nuna musu hoton Roukaya Mahamane da ta wakilci Nijar a Riyo da Tokiyo, don su san mace na iyawa.

Yaya Kaftin, Baba na alfahari da ku ƙwarai, hotunanku na gasa suna manne a ɗakinsa. Amma littafin da ya sa na ajiye masa kusa da gado na yaran Asabar ne. Kowane yaro da sunansa da unguwarsu, in ya iya kwanciya bisa ruwa a sa masa alama ɗaya, in ya iya ƙetare pisin da tufafinsa a jiki a sa ta biyu. Akwai da yawa da ba su samu ta biyu ba. Matsalar ita ce mai wurin don darajar Baba yake ba da safiyar kyauta, kuma Baba daga aljihunsa yake cika kuɗin maganin ruwa in ya fara yin kore. Yanzu ba mu san matsayinmu ba.

Kaftin: Ƙanwata, Allah ya ba ku haƙuri. Ban janye maganar kofi ba, zan sake tayar da ita in abubuwa sun zauna, don har yanzu ina ganin amfaninta. Amma Asabar ce gaba. Kuɗin magani na wata shida na ɗauka, ki tambayo nawa ne.

Alhaji na Wadata: Mai wurin na san shi, tare muke sallar Juma'a. Ku bar mini shi, gobe bayan addu'a zan same shi.

Ɗan Sorko: Ni zan zo da igiya da bido. In ruwa ya ja baya kuma a kawo manyan cikinsu gulbi, ina cikin kwale-kwale kusa da su, in nuna musu ramuka.

Ba'adare: Ku ba ni wuri ga mutum biyu lokacin hutun lakwal. Masauki ni ka nema musu.

Auta: Na kira yayana na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya tambaya ƙarfe nawa ake farawa.

Ɗan Gamkalle: Shida da rabi, ka ce masa ya zo, muna buƙatar manya aƙalla huɗu a bakin ruwa. Wannan Asabar ɗin ba za a yi ba saboda zaman makoki, sai ta sama in Alhaji ya daidaita da mai wurin. Tanti Likita, ki zo ranar farko ki sake nuna mana danna ƙirji, wasunmu sun kwana biyu. Ƙanwata, ki ɗauki hoton shafukan littafin ki turo mini ni kaɗai, kar a sa sunayen yara a nan. Zan bi gidajensu unguwa unguwa in sanar da iyaye.